Tara Yake Ko Ya Lalace? Koyarwar Kirista a Kan Zunubin Gado da Alherin Allah

Hausawa sun daɗe da yarda cewa ɗan Adam ajizi ne, tara yake bai cika goma ba, kuma wannan magana ba ta tayar da gardama a kowane zaure, tunda kowa ya san mantuwa da kuskure da gajiyawa a karan kansa. Sai dai a cikin addinin Kirista akwai wata tsohuwar koyarwa da ta zarce batun ajizanci nesa ba kusa ba, domin ita cewa take yi ko taran da ke hannun mutum ma sun gurɓata, har ba ya iya amfani da su ya samo ɗayan da ya rage. Malaman tauhidin Kirista suna kiran tushen wannan hali zunubin gado, wato ɓacin da ya shiga jinsin mutane tun daga bijirewar Adamu, suna kiran yaɗuwarsa a cikin hankali da zuciya da nufi lalacewar ɗan Adam, sa'an nan suna kiran maganinsa alherin Allah, wato taimakon da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba, bai kuma iya biya ba. Waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna, kuma gwargwadon zurfin da malami ya ba cutar, gwargwadon girman da zai ba maganin.

Masu wannan koyarwa suna kafa hujja da wurare da dama a Littafi Mai Tsarki. Akwai sura ta 3 ta littafin Farawa, inda Adamu da Hawwa'u suka ci daga itacen da aka hana su aka kore su daga gonar, akwai Zabura ta 51, inda Dawuda ya kai asalin laifinsa har lokacin da aka ɗauki cikinsa, akwai kuma sura ta 17 ta littafin Irmiya, wadda ta siffanta zuciyar mutum da yaudara da ciwo mai wuyar magani. Amma ginshiƙin maganar yana cikin wasiƙun manzo Bulus, musamman wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda a sura ta 5 ya jera Adamu da Almasihu a matsayin shugabanni biyu na zuriya biyu, ɗaya ya shigo da zunubi da mutuwa, ɗaya ya kawo barata da rai, a sura ta 7 kuma ya kwatanta mutumin da ya san abin kirki, yana ma son sa, amma hannunsa yana aikata akasinsa. Abin lura shi ne malaman Yahudawa, waɗanda littafin Farawa nasu ne tun kafin a yi Kiristanci, ba su fitar da koyarwar gadon laifi daga cikinsa ba, sun tsaya ne ga cewa akwai karkata zuwa mugunta da karkata zuwa nagarta a cikin kowane mutum. Ta tabaran Bulus ne Kiristoci suka karanta labarin Adamu.

Wanda ya ɗinke waɗannan ayoyi suka zama tsararriyar koyarwa ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, wanda a yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya, ya yi baftisma a Milan a 387 bayan dogon yawon neman gaskiya, daga baya ya zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yanzu, inda ya rasu a 430. A cikin littafin da ya rubuta na furta zunubansa a gaban Allah, ya daɗe yana tunani a kan wata sata da ya yi yana ɗan shekara 16, lokacin da shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci da dare, alhali ba yunwa suke ji ba, suna da waɗanda suka fi su daɗi a gida, daga ƙarshe ma aladu suka watsa wa. Abin da ya dame shi a wannan ƙaramin laifi shi ne rashin dalilinsa, domin ɓarawon da yunwa ta kora ana iya gane uzurinsa, shi kuwa haramcin abin ne kawai ya yi masa daɗi. Ya kuma lura da yadda jariri da bai iya magana ba yake harara, fuskarsa ta canza, idan ya ga ɗan'uwansa a kan nono, abin da duk uwar da ta taɓa goyon tagwaye za ta gane, ya ce rashin laifin jarirai a raunin gaɓoɓinsu yake, ba a zukatansu ba.

A birnin Roma kuwa, a daidai wannan zamani, akwai wani malami mai zuhudu ɗan asalin Birtaniya mai suna Pelajiyus, wanda sakacin Kiristocin birnin ya ishe shi, musamman attajirai da suka shiga addinin bayan ya zama na masu sarauta, suna fakewa da raunin ɗan Adam suna ci gaba da halinsu na da. An ruwaito cewa ya fusata da ya ji an karanta wata addu'ar Agustin wadda a cikinta yake roƙon Allah ya ba shi ikon cika umarnin kafin ya umarce shi, domin a ganinsa wannan zargin Allah ne da ɗora wa bawa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma har yau tana da ƙarfi: idan Allah mai adalci ya ce a yi, to ana iya yi. A wurinsa zunubi yana yaɗuwa ne ta hanyar koyi da sabo, kamar yadda tsatsa ke hawa ƙarfe ba tare da ta mayar da shi wani abu dabam ba, alherin Allah kuwa shi ne 'yancin zaɓi da ya ba mutum tun halitta, da shari'a, da gurbin da Yesu ya bari, da gafarar zunuban da suka wuce. Almajirinsa Selestiyus ya ƙara gaba, ya ce laifin Adamu kansa kaɗai ya cuta, kuma kowane jariri yana zuwa duniya a halin da Adamu yake kafin ya faɗi.

Da mayaƙan abokan gaba suka ci Roma a 410, Pelajiyus da almajirinsa suka tsallaka zuwa Arewacin Afirka, gardamar ta biyo su har ƙofar Agustin. Martanin Agustin ya taɓa wurin da har yau shi ne zuciyar maganar, wato cewa Pelajiyus ya ɗauka nufin mutum alƙali ne mai zaman kansa da ke tsaye tsakanin nagarta da mugunta yana zaɓa, alhali nufin shi ne majinyacin. Mutum yana zaɓar abin da yake so ne, ba wanda ya tilasta shi, amma ba shi da ikon zaɓar abin da zai so, kuma tunda ƙaunarsa ta karkace ta bar Allah ta koma kan kansa, duk wa'azi da doka da za a ƙara masa kamar nuna wa gurgu hanya ne: ya gan ta sarai, ƙafar ce babu. Don haka alheri a wurin Agustin aiki ne da Ruhu Mai Tsarki yake yi a cikin zuciya, yana sa ta so abin da a da take ƙi, kuma shi yake fara zuwa kafin mutum ya motsa. Ya kuma kafa hujja da al'adar yi wa jarirai baftisma don gafarar zunubi, yana tambayar wane zunubi ake wankewa idan ba na gado ba. Wani taron bishof-bishof a Diyosfolis ta Falasɗinu ya wanke Pelajiyus a 415, amma majalisar Kartaj ta 418 ta la'anci koyarwarsa, majalisar Afisa ta 431 kuma ta tabbatar da hukuncin.

Nasarar ba ta zo ba tare da tabo ba. Agustin ya bi hujjarsa har inda ta kai shi, ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana cikin hukunci, ko da yake mafi sauƙin hukunci, ya kuma danganta gadon zunubin da sha'awar da ke tattare da saduwar iyaye, abin da ya sa wani bishof ɗan Italiya mai kaifin alƙalami, Juliyan na Eklanum, ya zarge shi da cewa bai gama fita daga addinin Mani ba, addinin da ya bi kimanin shekara 9 a ƙuruciyarsa, mai ɗaukar jiki a matsayin mazaunin mugunta. Akwai kuma matsalar fassara, domin Agustin bai ƙware a Girkanci ba, kuma fassarar Latin da ya dogara da ita ta juya ƙarshen aya ta 12 ta Romawa 5 ta yadda za a fahimci cewa a cikin Adamu kowa ya yi zunubi, alhali mafi yawan masana a yau suna karanta asalin Girkancin da ma'anar cewa mutuwa ta bi kowa saboda kowa ya yi zunubi. Ikilisiyoyin Gabas, waɗanda suke karanta Bulus a harshensa, sun tsaya ga cewa abin da aka gada daga Adamu mutuwa ce da rauni da karkata zuwa zunubi, laifin cin itacen kuwa nasa ne. Ko a Yamma ma, majalisar Oranj ta 529 a kudancin Faransa ta karɓi maganar Agustin cewa ko mafarin bangaskiya kyauta ce daga Allah, amma ta yi tir da cewa Allah ya ƙaddara wa wani mugunta.

Shekara dubu bayan haka maganar ta sake kunno kai, wannan karon har ta raba ikilisiyar Yamma biyu. Martin Luta, wanda shi kansa ɗan ƙungiyar zuhudu ce mai bin ƙa'idar Agustin, ya siffanta mai zunubi da wanda ya lanƙwashe ya koma cikin kansa, kamar lauje da bakinsa ke fuskantar ƙotarsa, har ibadarsa da sadakarsa ma kansa yake nema da su. A 1524 masani Irasmus ya wallafa littafi yana kare 'yancin nufi, ya kawo misalin uban da ya ɗaga ƙaramin ɗansa, ya nuna masa tuffa, ya riƙe hannunsa yana tafiya har ya kai gare ta: kusan komai na uban ne, amma yaron ma ya taka ƙafa. A 1525 Luta ya mayar da martani da littafin da ya ce nufin mutum bawa ne, kamar dabbar hawa da ba ita ke zaɓar mahayinta ba, ya kuma yaba wa Irasmus cewa shi kaɗai ne cikin abokan gardamarsa ya kama ainihin batun, sauran suna ta ɓata lokaci a kan Paparoma da takardun yafe azaba.

Kalmar da ta fi jawo rashin fahimta ita ce wadda mabiya Jon Kalbin na birnin Janiba suka shahara da ita, wato cewa lalacewar ɗan Adam ta ɗungum ce. Mai ji zai zaci ana nufin kowane mutum ya kai maƙura a mugunta, ko kuwa wanda ba Kirista ba ba ya iya riƙon amana ko jin ƙan maraya, kuma ba haka Kalbin ya koyar ba, domin a babban littafinsa, wanda ya fara fitowa a 1536 ya kammalu a 1559, ya yaba wa masana shari'a da likitoci da masu falsafa na zamanin jahiliyyar Girka da Roma, ya ce raina gaskiyar da ke bakinsu raina Ruhun Allah ne da ya ba su ita. Ɗungum ɗin a nan faɗin cutar ake nufi, ba zurfinta ba. Misalinta kamar rijiyar da kanwa ta shiga idonta ne: ruwan yana nan, ana wanki da shi, ana shayar da dabbobi, amma duk gugan da aka zura, ta gabas ko ta yamma, da ɗanɗanon zai fito, kuma ba a iya ɗebo ruwa daga rijiyar a wanke rijiyar. Hankali, wanda masu falsafa suka ɗauka shi ne ɓangaren da ya tsira, shi ma ya sha kanwar, shi ya sa mutum ya fi gwanintar kawo hujja a daidai wurin da yake da moriya. Abin da koyarwar ta hana mutum shi ne iƙirarin cewa akwai wani lungu mai tsabta a cikinsa da zai tsaya a kai ya fara komawa ga Allah da ƙarfin kansa.

Cocin Katolika ta ba da amsarta a majalisar Tirento, wadda ta yanke hukunci a kan zunubin gado a 1546, a kan barata kuma a 1547. Ta yarda cewa zunubin Adamu yana bin haihuwa, ba koyi ba, kuma ba wanda zai fara juyowa sai alheri ya riga shi, amma ta ce nufin mutum ya raunana ne bai mutu ba, yana iya ba alherin haɗin kai ko ya ƙi shi, kuma sha'awar da ke saura bayan baftisma makamashin zunubi ce, ba zunubin kansa ba. A cikin Furotesta ma, wato ɓangaren Luta da Kalbin, an rabu. Mabiya Yakubu Arminiyus na jami'ar Laidin a Holan sun gabatar da ƙorafinsu a 1610, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne su ma sun yarda mutum ba ya iya yin imani da ƙarfin kansa, saɓaninsu a kan ko ana iya ture alherin ne idan ya zo. Majalisar Dort, wadda ta zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, ta yanke cewa alherin da ke sake haihuwar mutum ba ya komawa hannu wofi, aka kuma tuɓe limamai kimanin 200 da suka ƙi sa hannu. Jon Wesli, wanda ya kafa tafarkin Metodis, ya bi bayan Arminiyus, amma a 1757 ya wallafa dogon littafi yana kare koyarwar zunubin gado, ya warware kullin da cewa akwai alheri mai rigaya da Allah yake ba kowane mutum, wanda ke mayar masa da ikon amsa kira.

Duk waɗannan rassa sun iso ƙasar nan tare da 'yan mishan, shi ya sa ɗan Katolika a Kaduna, da ɗan Lutaran a Numan, da ɗan ikilisiyar da ta samo asali daga mabiya Kalbin a Takum, suna iya rera waƙa ɗaya a kan alheri alhali malamansu ba su fassara ta daidai da juna ba. Kalmar kanta tana da nata nauyi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ya ɗauki kalmar alheri don wannan ma'ana, kuma zaɓi ne mai kyau tunda Bahaushe ya san alheri kyauta ce da ba bashi ba. Amma alherin da ke cikin karin maganar Hausa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, gadon barci ne da mai yin sa zai kwanta a kai wata rana, wato ana sa ran zai dawo, kamar yadda biki ke dawowa ga wadda ta kai gudummawa. Alherin da Bulus da Agustin suke nufi yana sauka ne a kan wanda ba shi da abin ramawa, wanda ma bai nema ba, kuma da zarar an mayar da shi ladan ƙoƙari ya tashi daga sunansa. Mai wa'azin da ke cewa a ba Allah domin ya ninka, yana amfani da kalmar Agustin ne yana koyar da abin da ko Pelajiyus mai zuhudu ba zai amince da shi ba.

A nan ne kuma Musulmi da Kirista maƙwabtan juna suke rabuwa a kan mutumin da dukansu suke kira kakansu. Musulunci yana koyar da cewa Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, ba mai ɗaukar nauyin laifin wani, kuma ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar ɗabi'ar da ke fuskantar Mahalicci, don haka abin da mutum yake bukata shi ne shiriya da tunatarwa da gafara. Duk da haka Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a cikin Suratu Yusuf, akwai kuma ingantaccen hadisi da ke nuna cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah, sa'an nan gardamar malaman tauhidin Musulunci, Mu'utazilawa da Ash'arawa, a kan ƙaddara da ikon bawa ta yi kama da ta Irasmus da Luta ta fuskoki da dama. Bambancin da ya rage shi ne na ganewar cutar: wanda ya ce mantuwa ce zai nemi mai tunatarwa, wanda ya ce mutuwa ce zai nemi mai tayarwa, kuma daga nan ne matsayin Yesu a addinan biyu ya sha bamban.

Masu sukar koyarwar ba su rasa abin faɗa ba. Suna tambayar adalcin kama jika da laifin kaka, suna kuma nuna yadda aka yi amfani da ita wajen karya zukatan yara da tsoro, ko wajen ba azzalumi mafakar cewa kowa ma haka yake. Masu kare ta suna amsawa da cewa ita ce koyarwar da ta fi kowace daidaita mutane, tunda ta sa sarki da bafade da limami a layi ɗaya, kuma al'ummar da ta yarda da ita ba za ta damƙa wa mutum ɗaya iko marar linzami ba, komai kyan da ake gani a fuskarsa. Wannan amsa tana da ƙarfi, amma tarihi ya nuna cewa riƙe koyarwar bai hana kowa faɗawa cikin abin da take faɗakarwa a kai ba, domin babbar cocin fararen fata mabiya Kalbin a Afirka ta Kudu, wadda ke karanta hukuncin Dort, ita ce ta daɗe tana samar wa mulkin wariyar launin fata hujja daga Nassi. Da sauƙi mutum ya ga kanwar a rijiyar maƙwabci.

A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Cocin Katolika da na Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan wata sanarwar haɗin gwiwa da ta ce ceto ta wurin alheri ne kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantar mutum ba, kuma tsinuwar da ɓangarorin biyu suka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar kamar yadda aka bayyana ta a takardar ba. Majalisar Metodis ta Duniya ta shiga a 2006, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikilisiyoyin mabiya Kalbin kuma a 2017. Tambayar da ba a warware ba ita ce wadda ta fi tsufa, wato yadda alheri zai zama shi ne mai yin komai amma mutum ya kasance shi ne ya amsa da yardarsa, da kuma dalilin da ya sa mutum biyu suke jin kira ɗaya, ɗaya ya juyo ɗaya ya wuce. A cikin Cocin Katolika kanta, malaman ƙungiyar Dominikan da na Jesuwit sun yi shekaru suna fafatawa a kan wannan batu a gaban wani kwamiti da Paparoma ya kafa a ƙarshen ƙarni na 16, har a 1607 Paparoma Bulus na Biyar ya sallami kowa, ya hana ɓangarorin biyu kiran juna 'yan bidi'a, ya ce za a sanar da hukunci a lokacin da ya dace. Fiye da shekara 400 ke nan, ba a sanar da shi ba.